Idan Layin Murfin Jirgi Ya Cinye: Tambayoyin Da Ake Yi Mini A Bakin Ruwan Yauri

Ni kafinta ne a Yelwan Yauri, kuma rabin abincina daga bakin ruwa yake fitowa. Ina gyaran kwalekwalen katako, ina yi wa jiragen faiba benci da akwati da murfi. Ƙaramin jirgi mai tafiya da iska irin na Turawa, mai ɗan ɗaki a cikinsa, ba kullum ake ganinsa a wajenmu ba. Masuntanmu in suna son iska ta rage musu tuƙi, buhuna suke ɗinkewa su ɗaura a gora su kafa. Amma irin wancan jirgin ya taɓa shigowa hannuna, kuma shi ya koya mini yawancin abin da zan faɗa a nan. Murfin da ake turawa gaba a jawo baya kuwa yana nan a jirage da yawa, a kan akwatin kifi, a kan ma'ajiyar kaya, a ƙofar ɗakin jirgin faiba. Ciwonsu ɗaya ne, maganinsu ma ɗaya.

Mene ne layin, kuma mene ne aikinsa?

Katakai biyu ne dogaye, ɗaya dama ɗaya hagu, a ɗaure a saman rufi gefen ƙofar shiga. Su zan riƙa kira layi. Murfin yana zaune a kansu, ko kuma bakinsa yana shiga wani tsagi da aka fafe a jikinsu. Kowa ya san su ne hanyar murfi. Abin da ba kowa ke lura ba shi ne su ke riƙe shi kada iska ko igiyar ruwa ta ɗaga shi, kuma su ke tare ruwan da ke gudu a kan rufi kada ya gangaro ciki. In ka buɗe ma'ajiya ka tarar da buhun shinkafarka ya sha ruwa alhali jirgin bai huje ba, fara duba nan.

Yaya zan gane ya cinye, ba datti ne kawai ya cika shi ba?

Fara wanke tsagin da ruwa da tsohon buroshi. Sau da yawa yashi ne da ɓawon gyaɗa da ƙayar kifi. In bayan wanki har yanzu murfin yana cijewa a tsakiya sai an dake shi da tafin hannu, ko yana girgiɗi gefe da gefe, to katakon ya zaizaye. Duba ko kan sukuru ya leƙo sama yana karce cikin murfin. Duba ko akwai farin gari a tsagin: wannan jikin faibar murfin ne ake ci. Baƙin zane da ke gangarowa daga gindin sukuru kuwa ruwa ne ya samu hanya.

Sai ka ɗauki sukudireba ka danna ƙarshen layin, wajen da ruwa ke kwanciya. Lafiyayyen katako zai ƙi. In bakin ƙarfen ya nutse kamar a dafaffen rogo, magana ta ƙare.

Me zai hana in cire tsohon in ɗaura sabo a ramukan da na tarar? Ai aikin awa biyu ne.

Haka ni ma na yi, kuma har yau abin yana damuna.

Wani dattijo ne, tsohon ma'aikaci da ya yi ritaya ya dawo gida, ya sayi tsohon jirgin faiba a Legas aka ɗauko masa a mota. Tsawonsa bai kai ƙafa 20 ba, da sandarsa ta tanti, wato ƙyallen da iska ke turawa, da ɗan ɗaki na kwanan mutum biyu. Ya aiko aka kira ni, ya ce, "Malam kafinta, murfin nan ya gagare ni, canza mini katakon." Na ce, "To Baba, an gama." Na kwance tsofaffin, na yanka sababbi masu kyau, na goge su har suna ƙyalli. Da na zo ɗaurawa sai na ji sukuru yana juyawa bai kama ba a rami uku na gefen dama. Maimakon in tsaya in tambayi kaina dalili, sai na nemo masu kauri na danna, suka ɗan kama, na karɓi kuɗina.

Damina ɗaya aka yi. Da ya sake kirana, hannu ɗaya na sa na ɗaga layin dama, ya taso da sukurunsa gaba ɗaya. Na shiga ciki na yanka fatar rufin daga ƙasa, sai ga abin da ke tsakiya ya zubo mini a hannu, baƙi ƙirin, jiƙe, kamar dusar da ta kwana a ruwa, yana warin rijiyar da aka daɗe ba a ɗiba ba. Faɗin wurin ya kai babban tire. Baba bai yi faɗa ba. Kallona ya yi ya ce, "Ɗana, ai ka ji ramin ya yi laushi tun ran nan. Me ya hana ka faɗa mini?" Ban sami amsa ba. Mako biyu na yi ina gyaran rufin, ban karɓi ko sisi ba.

Ga abin da ban sani ba a lokacin. Rufin yawancin jiragen faiba hawa uku ne: faiba a sama, faiba a ƙasa, a tsakiya kuma filawud ko wani katako mara nauyi da ake kira balsa, ko soso mai tauri. Tsakiyar nan ita ke ba rufin ƙarfin ɗaukar mutum. Duk sukurun da ya ratsa fatar sama ƙofa ce zuwa gare ta, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ruwan da ya shiga ba ya fita, don faiba ta rufe shi sama da ƙasa, rana kuma tana dafa shi kullum. Saboda haka layin da ka ga ya cinye shi ne ƙaramin ciwon. Babban yana cikin ramuka.

To yaya ake gyara ramukan?

Da farko ka gwada kowane ɗaya. Lanƙwasa bakin siririyar waya ka zura ka karto abin da ke ciki. Busasshen gari mai haske, lafiya lau. Baƙi mai danshi, akwai aiki. Ka kuma ƙwanƙwasa kewayen da ƙotar sukudireba: wuri mai lafiya yana amsawa ƙwas-ƙwas, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji bif-bif.

In ruɓar ba ta yi nisa ba, ka faɗaɗa ramin ta sama. Sukuru mai kaurin milimita 5, yi masa rami na milimita 10 zuwa 12, amma fatar sama da tsakiya kawai za ka ci, kada ka faɗaɗa fatar ƙasa. Lanƙwasa ƙusa kamar ƙugiya, ka ɗaura ta a bakin injin huda, ka zura ka juya, za ta kwashe tsakiyar da ke kewaye ta ƙarƙashin fata. Ka hure garin, ka bar ramin ya bushe sosai. Da hunturu kwana uku zuwa mako ya isa in danshin kaɗan ne, amma ka riƙa rufewa da dare saboda raɓar bakin ruwa.

Bayan ya bushe, liƙe ramin ta ƙasa da salatif, ka shafa gam ɗin ifoksi tsararo tukuna katakon ya sha, sannan ka cika da wanda ka kauraya da lallausan garin katako har ya yi kamar kunun da ya yi kauri. Ifoksi gam ne mai ruwa biyu, irin su Araldite da aka sani, sai dai a nemi mai jinkirin kamawa, ba na minti biyar ba. A bi awon haɗin da aka rubuta a jikin gwangwani, ba a ƙara mai daskararwa don a yi sauri. Kuma a zafinmu kaɗan-kaɗan ake haɗawa, don in ya yi yawa a kofi yana ɗaukar zafi da kansa ya daskare kafin ka yi amfani da shi. Washegari sai ka huda sabon rami daidai sukurunka a tsakiyar daskararren gam ɗin. Yanzu ko ruwa ya bi sukuru, gam zai tarar, ba katako ba.

Akwai ruwan faiban da masu gyaran tankuna da bomban mota ke amfani da shi. Ya fi araha, ya fi samuwa, amma yana ɗan tsukewa in ya bushe kuma ba ya kama katako kamar ifoksi. In shi kaɗai ka samu, ya fi barin ramin haka.

In kuwa ruɓar ta kai faɗin tafin hannu ko fiye, ba cikon rami ba ne kuma. Sai an yanke fata an cire tsakiyar an sa sabuwa.

Nawa jirgin katako ne, ba faiba ba. Wannan duk ya shafe ni?

Ya shafe ka, sai dai naka ya fi sauƙi. Huda tsohon ramin har ka isa lafiyayyen katako, ka fere toshi da irin katakon, ka shafa gam ka buga shi ciki, ka yanke daidai. Sabon ramin ka gusa shi gefe kaɗan in da hali.

Yaya zan cire tsohon ba tare da na yi ɓarna ba?

Kafin ka taɓa komai ɗauki hoto da waya, ka rubuta "dama" da "hagu" da "gaba" a jikinsu. Kada ka karya su, kada ka jefar, su ne ma'auninka na yanka sababbi. In an rufe kan sukuru da ƙananan toshi na katako, huda tsakiyar toshin ka ɓalle shi da siririn kurfi. Sukurun da kansa ya cinye, kada ka yi ta fama har ka fasa rufi: yanke katakon da ke kewaye da shi da zarto, sai ka kama shi da filaya ka murɗo. In layin ya manne da rufi, siririyar wuƙa ko wayar birkin keke za ka zura tsakani ka riƙa ja kamar zarto. Ban yarda a sa ƙarfe a ɓanɓare ba, fatar faiba tana tasowa tare da shi.

Wane katako ya fi?

Masu ƙera irin waɗannan jirage a waje tik suke sawa, itacen da asalinsa daga Indiya da ƙasar Bama (Myanmar) da maƙwabtansu yake. Yana da mai a jikinsa, ruwa ba ya cinsa da wuri, kuma ba ya yawan motsi. Ana shuka shi a Najeriya, musamman a gandun dajin kudu maso yamma, amma yawancin wanda ke zuwa kasuwa ƙaramin itace ne da aka sare da wuri, rabinsa farin gefe. Farin gefen kowane itace kuwa, ko na tik ne, abincin ruɓa ne da gara. Zuciyar itacen kawai ake so, mai duhun launi.

Ni loko na fi sawa in na samu, wanda 'yan kudu ke kira iroko. Yana jure ruwa kusan kamar tik, ana samunsa dogo miƙaƙƙe. Sai dai ƙurarsa tana sa atishawa da ƙaiƙayi, wasu har ƙirji take kamawa, a rufe hanci in ana goge shi. Kawo ma gwani ne, mai nauyi, kuma cikin itatuwanmu yana cikin waɗanda ba su cika kumbura ko tsukewa ba, abin da layi ke so ke nan. Maɗaci namu ne na gida, da shi kakanninmu suka sassaƙa kwalekwale, yana yi in ya bushe da kyau, amma wani lokaci jijiyarsa a murɗe take, sai ya kantare bayan an yanka shi siriri. Ƙirya, wadda ake turmi da ita maƙera kuma suke son gawayinta, ta fi su duka tauri, matsalarta samun mita ɗaya miƙaƙƙiya mara gaɓa, ga cin bakin zarto. Maɗobiya tana da kyau, amma an yi mata sarar ƙare dangi ana fitarwa Sin, ni ba na son in ƙara mata nawa.

Malaina da obece da afara da maje a bar su wa silin da kujerar ɗaki. Suna da daɗin aiki a hannu, shi ya sa wasu kafintoci ke lallaɓa mutum da su, amma murfi zai cinye su, ruwa ya ƙarasa. An taɓa sayar mini da wani katako da sunan maɗaci, an shafe shi da jar ƙasa, sai da na kai shago na fere na ga fari sol. Tun daga ranar da 'yar wuƙata nake zuwa kasuwar katako, in kankare gefe in gani da idona.

Abu ɗaya kuma da ba a cika kula da shi ba: duba ƙarshen katakon, za ka ga zanen shekarun itacen. Zaɓi wanda zanen yake tsaye, ba wanda yake kwance kamar baka ba. Katako yana motsi ta bin zanen nan kusan ninki biyun yadda yake yi ta ratsa shi, a tsawo kuwa kusan ba ya motsi. Mai zane a tsaye ya fi zama inda aka ajiye shi.

Mai katako ya rantse busasshe ne. In yarda?

Kada ka yi musu da shi, ka auna. Ɗora katakon a sikeli ka rubuta nauyinsa a jikinsa, ka jingine shi a inuwa inda iska ke ratsawa. Bayan mako ka sake aunawa. Muddin nauyi yana raguwa, ruwa yana fita. Ran da ya tsaya, ka yanka.

Na ga ana sa roba ko alminiyam. Ba su fi katako ba?

Akwai roba mai kauri dangin wadda ake jarka da allon yanka nama da ita. Ba ta ruɓewa, gara ba ta cinta, murfi yana zamewa a kanta kamar an shafa sabulu. Amma gam ba ya kama ta ko kaɗan, sai sukuru. Kuma tana miƙewa da zafi sosai: tsakanin sanyin asubar hunturu da ranar Afrilu a kan rufin jirgi, mita ɗaya na iya ƙaruwa da milimita 4 zuwa 6. In ka ɗaure ta tamau a ramuka daidai wa daida, sai ta yi tozo tsakanin sukuru da sukuru. Don haka ramukan jikinta a yi su da ɗan faɗi, a sa washa. Farar da ba a yi ta don rana ba tana tsattsagewa, baƙa ta fi daɗewa.

Abin da na fi so shi ne haɗin biyun: layi na katako, sannan siririyar roba a shimfiɗe a inda murfin ke gogawa. In ta cinye a canza ta ita kaɗai, ba a taɓa ramukan rufi ba.

Layin tagar alminiyam na gidaje kuwa ban ba da shawararsa ba. Siriri ne, mutum ɗaya ya taka shi ya lotsa, kuma a jirgi dole a taka. Tsaginsa matsattse ne, yashi kaɗan ya toshe shi.

Ƙusa ko sukuru?

Sukuru, wato ƙusa mai barima, kuma na ƙarfen da ba ya tsatsa wanda ake kira sitenles. Ƙusar ƙarfe tana tsatsa ta kumbura ta tsaga katako, ta baƙanta kewayenta, ran cirewa kuma sai an yi ɓarna. Sitenles iri biyu aka fi sani, 304 da 316, a kan noti za ka ga an buga A2 ko A4. Na biyun don ruwan gishiri aka fi bukatarsa, irin na Legas da Fatakwal. Namu ruwan daɗi ne, 304 ya wadatar.

Je kasuwa da maganaɗisu a aljihu. Na gaskiya ba ya kama shi, ko ya ɗan ja kaɗan. Wanda ya manne ƙam, baƙin ƙarfe ne aka yi wa wanka, ajiye musu kayansu. Na tagulla ba ya tsatsa amma yana da laushi, kansa yana guntulewa a cikin loko ko kawo. Ko wanne za ka sa, fara huda masa hanya, ka goga barimarsa a kyandir.

Inda hannu ke kaiwa ta ciki, na fi son a ratsa gaba ɗaya a sa washa mai faɗi da noti ta ƙasa, musamman a ƙarshen layin biyu inda ƙarfin ja yake.

Me zan shafa tsakanin layi da rufi? Ina da silikon a gida.

Bar shi a gida. Silikon na gilashi da bahon wanka ne. A kan katako mai mai yana sakin jiki bayan ɗan lokaci, ruwa ya bi ta ƙarƙashinsa, kuma inda ya taɓa fenti da gam ba sa sake kamawa sai an kankare sosai. Kwalta da auduga da muke toshe tsakanin falankan kwalekwale da su suna da wurinsu a ƙasan jirgi inda ruwa ke sanyaya su. A saman rufi kwalta narkewa take, ta ɓata tufafin duk wanda ya zauna.

Abin da ake so shi ne mai hana ruwa wanda ba ya daskarewa ƙam, don katako da faiba ba tare suke motsi ba. Akwai wani danƙo mai zuwa a naɗe kamar salatif, butil ake ce masa, masu rufin kwano na zamani da masu sa gilashin mota sun san shi. Shekara da shekaru yana nan da laushinsa. In babu, man liƙi mai hana ruwa irin su Sikaflex 291 ko 3M 4200 suna yi. Amma 3M 5200 a guje shi a wannan aikin, mannewar har abada yake yi. Layi abin cinyewa ne, wata rana dole wani ya cire shi, ko kai ko ɗanka, kada ka bar masa abin da sai ya yage rufi.

Ga wata dabara ƙarama mai babban amfani. Kafin ka ɗora layin, ɗan fafe bakin kowane rami a kan rufin ya yi kamar bakin mazurari. Danƙon zai taru a nan ya zama zobe a wuyan sukuru. In noti ne ta ƙasa, wani ya riƙe kan sukurun kada ya juya, kai ka ɗaure notin, don juyawar sukuru tana yage zoben. Kuma kada ka shafa komai ta ƙasa. In ruwa ya shiga, gara ya ɗigo ka gani da ya maƙale a tsakiya.

Tazara nawa zan bari, kuma yaya zan tabbatar layin biyu sun daidaita?

Yanka kara ɗaya daidai faɗin da ake so tsakanin layin biyu. Shi za ka riƙa sawa a gaba da tsakiya da baya, ya fi tef gaskiya don ba ya lanƙwasa. Ka ɗaura komai a bushe tukuna, ba danƙo, da sukuru biyu-biyu, ka tura murfin ya je ya dawo sau goma. In ka gamsu, zana gefen layin da fensir a kan rufi, sannan ka kwance ka sa danƙo.

In da rani kake aikin, bar milimita 2 zuwa 3 tsakanin murfi da katako a kowane gefe. Kwali biyu ko uku a haɗe sun kai haka. Za ka ga kamar ya yi sako-sako, bar shi, watan Agusta zai cike gurbin. Wanda ya yi shi cif-cif da hunturu, da damina sai ya sa ƙafa kafin ya buɗe.

Rufin jirgi ba shimfiɗaɗɗe ba ne, yana da ɗan doro don ruwa ya gangara. Ƙasan layin dole a fere shi ya bi doron nan. Kada ka ce sukuru zai jawo shi ya kwanta, zai kwanta yau ya tashi gobe. Ka kuma duba tsohon ko yana da 'yan ƙofofin fitar ruwa a gindinsa, ka yi wa sabon irinsu. Sannan ɗan katakon da ke tare murfi kada ya zarce ya faɗa ruwa, a mayar da shi. Na ga murfi biyu da suka tafi ƙasan kogi saboda an manta da wannan.

In shafa giris ko baƙin mai don ya riƙa zamewa?

A'a. Giris yana kama yashi da ƙurar hunturu, su haɗu su zama samfefa. Goga gindin kyandir ko kakin zuma a tsagin, shi ke nan.

Fenti ko banish?

Ƙarshen katakon biyu da ƙasansa su ne masu shan ruwa, a shafe su da kyau kafin a ɗora. Saman, in tik ne ko loko, ana iya barinsa haka, zai koma ruwan toka, ba ciwo ba ne. Banish yana da kyau a ido amma ranarmu tana ɓare shi, sai ka shirya sabuntawa duk shekara. Fentin mai mai haske ya fi daɗewa. Cikin tsagin dai kada a sa komai, duk abin da aka shafa murfi zai kankare shi ya dunƙule.

Wane lokaci ya fi dacewa da aikin?

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Iska a bushe take, ramuka suna bushewa da wuri, zafi bai kai na sa gam ya daskare a kofi ba. Na san lokacin tafkin Kainji a cike yake, don bayan ruwan daminarmu akwai wani da ke isowa daga tsaunukan Gini ta Mali da Nijar a watannin nan, jirage suna kan nema, ba mai son ajiye nasa. Amma aikin nan ba ya bukatar a fitar da jirgi tudu, inuwa kawai yake so. Mafi yawan masu zuwa wurina sai hadarin farko ya jiƙa su suke zuwa, a watan Mayu ko Yuni, lokacin da rami ba ya bushewa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Duk wannan wahala a kan murfi? Ai ba ƙasan jirgi ba ne.

Wanda bai taɓa haɗuwa da iskar farkon damina a tsakiyar tafkin Kainji ba shi ke faɗar haka. Tun da aka gama dam a 1968 ruwan nan ya zama mai faɗi, iska tana samun filin tara igiya, ga kututturan itatuwan da ruwa ya shanye suna nan a ƙasa. Jirgi mai tanti in iska ta buge shi kwanciya yake yi a gefe. A wannan lokacin murfin nan shi ne tsakanin ruwa da cikin jirgi. In layi ya riƙe, jirgin ya miƙe ya ci gaba. In ya saki, ɗakin ya cika cikin ɗan lokaci.

Mu mutanen wannan yanki ba sai an ba mu labarin ruwa ba. Ba mu manta da jirgin da ya nutse a hanyar Warra ta ƙaramar hukumar Ngaski a watan Mayun 2021 ba, da mutane fiye da ɗari a cikinsa. Ba murfi ne ya jawo wancan ba, kuma ba na haɗa su. Abin da nake cewa shi ne duk wanda ke ɗaukar rai a kan ruwa, ko ransa ne shi kaɗai, ba shi da ƙaramin gyara. Rigar ruwa ma a sa ta a jiki, ba a kulle ta a ƙarƙashin murfin da ke cijewa ba.

A ƙarƙashin murfin nake ajiye jarkar fetur. In ya rufe ruf, ba matsala?

Akwai. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya ya taru, tartsatsi ɗaya daga batir ko ashana ya ishe shi. In ka gyara murfi ya daina shan iska, to ka fitar da fetur sarari, ko ka yi wa ma'ajiyar mashigar iska ta daban wadda ruwa ba ya bi. Kuma kada a yi aikin injin huda a wurin sai an fitar da jarka an bar shi a buɗe ya sha iska.

Na gama ɗaurawa. Yaya zan san aikin ya yi?

Shiga ciki da tocila, a rufe murfin, yaro ya ɗebo ruwa a bokiti ya riƙa kwarawa a kan rufi, ta gaba tukuna, sannan ta kowane gefe, da ƙarfi irin na ruwan sama mai iska. Bi kowane noti da yatsa. In ka sa Sikaflex ko 4200, ba shi kwanakin da aka rubuta a jikin kwalinsa kafin wannan gwajin. In butil ne, yana ci gaba da matsewa a hankali, don haka ka dawo bayan kwana biyu ka ƙara ɗaure notin kaɗan, ka sake bayan mako, ka yanke wanda ya fito gefe da wuƙa. Sannan ka kama murfin a rufe ka ja shi sama da iya ƙarfinka, kamar yadda iska za ta yi masa. In ka ji wani gefe ya ɗan amsa, kwance wannan gefen ka sake duba ramin.